Yadda Ake Kafa Sana'ar Sayar da Gahawa Mai Narkewa ta Intanet da Biyan Wata-Wata a Jihar Kebbi

Sayar da gahawa ta hanyar rajistar wata-wata yana nufin mai saye ya amince a riƙa kai masa adadi sananne a rana sananniya ta kowane wata, shi kuma ya biya kafin a kai, ba tare da an sake zaman ciniki ba. Mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yauri da Zuru sun saba da irin wannan tsari wajen biyan kuɗin data da na tashoshin talabijin, amma ba su saba da shi a kan abin sha ba, domin mai son gahawa yakan tsaya teburin mai shayi ne ko ya sayi sacet biyu a shagon unguwa. Saboda haka aiki biyu ne a gaban mai wannan sana'a. Zai shawo kan mutum ya ɗanɗana gahawar da ta fi wadda ya saba da ita tsada, sannan zai sa shi ya sake biya a wata na biyu da na uku. A aiki na biyun ribar take, kuma a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya.

Matakin farko shi ne ka san kayan da za ka sayar, sani na wanda zai iya ba da amsa idan aka tambaye shi dalilin tsadarsu. Gahawa mai narkewa gahawa ce da aka riga aka dafa a masana'anta sannan aka busar da ruwanta, kuma ta bazu a duniya ne bayan kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a ƙasar Suwizalan a 1938. Hanyoyin busarwar guda biyu ne. A ta farko ana fesa ruwan gahawar cikin iska mai tsananin zafi har ya koma gari mai laushi, kuma wannan ce mai araha da ta cika kasuwa. A ta biyu ana daskarar da ruwan a sanyin da ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifili, a farfasa ƙanƙarar, sannan a janye danshin a cikin na'urar da aka zuƙe wa iska, sai a sami ƙwayoyi masu kaifin gefe da launin ƙasa mai haske, waɗanda suka fi riƙe ƙamshi domin zafi bai ƙona su ba. Wannan ta biyun ita ce za ka nema. Haka kuma irin ƙwayar gahawar da aka noma yana da tasiri. Arabika, wadda asalinta daga Habasha ne, ta fi ƙamshi da sauƙin ɗaci, ita kuwa Robusta ta fi ɗaci kuma sinadarin kafin (caffeine) mai hana barci da ke cikinta ya kai kusan ninki biyu. Ka guji gina sana'ar a kan sacet ɗin da aka haɗa da sukari da garin madara, domin gahawar da ke cikinsa kaɗan ce kuma kowane shago yana sayar da shi a farashin da ba za ka iya karyawa ba.

Daga nan sai batun inda za ka samo kayan, kuma a nan doka take shigowa. Hanya mafi sauƙi ga mai farawa ita ce ya sayi gahawar kamfanin da ya riga ya yi rajista, a cikin kwalbarta a rufe, daga dillalin da yake ba da rasit, ko a kasuwar Singa ta Kano ko kai tsaye daga Legas. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kwalaben da ke tsakiyar katan, domin na sama su ne ake nuna wa mai saye, kuma kada ka karɓi kayan da saura wata huɗu ko biyar su lalace ko da an yi maka rangwame. Hanya ta biyu ita ce ka sayo gahawar da yawa ka zuba ta a mazubi mai ɗauke da sunanka. Ta fi riba kuma ta fi gina suna, amma duk abincin da aka ƙunsa don sayarwa da sabon suna sai ya sami rajistar NAFDAC, wadda ta haɗa da duba wurin da ake ƙunsawa da gwajin kayan, kuma dole jikin mazubin ya nuna nauyi, adireshi, lambar rukunin kaya, ranar ƙunsawa da ranar lalacewa. Shawarata ita ce a fara da ta farko na tsawon wata shida, a koyi halin masu saye da kayan wasu, sannan a nemi rajistar. Ko wacce ka zaɓa, ka yi wa sunan kasuwancin rajista a hukumar CAC ta shafinta na intanet, ka buɗe asusun banki da wannan sunan, domin ma'aikacin da zai tura kuɗin wata uku gaba ɗaya ya fi natsuwa idan sunan kasuwanci ya fito masa a waya maimakon sunan wani mutum da bai sani ba.

Akwai masu son su tallata gahawarsu a matsayin ta gida, tunda ana noman Arabika a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Idan ba ka da takardar da ta nuna daga can ta fito kuma an mayar da ita mai narkewa a masana'anta sananniya, kada ka rubuta haka.

Mataki na uku shi ne ka tantance wanda zai saya, kuma kada ka ruɗi kanka cewa jama'ar gari ne duka, domin a ƙasar nan shayi da kunu da koko sun riga gahawa zama a gidaje. Masu sayenka su ne waɗanda aikinsu yake hana su barci ko yake zaunar da su a ofis: likitoci da ma'aikatan jinya masu aikin dare a asibitocin Birnin Kebbi da Kalgo, malamai da ɗaliban manyan digiri na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ma'aikatan banki, lauyoyi, ma'aikatan sakatariyar Gwadangaji, da waɗanda suka yi karatu ko Umara a ƙasashen Larabawa suka dawo da sabon shan gahawa. Ka rubuta sunayen mutum talatin daga cikin waɗannan da kake iya kaiwa gare su ta hanyar wanda ya san su, ka ba kowanne abin da zai ishe shi kofi uku, bayan kwana huɗu ka kira shi. Ka tambaye shi kofi nawa yake sha a rana, da wane lokaci, kuma nawa yake kashewa a wata a halin yanzu. Idan cikin talatin ɗin ba a sami goma da suka ce za su biya ba, to ka sake duba kayan ko farashin tun kafin ka sayi katan na biyu.

Amsar tambayar farko, wato kofi nawa yake sha a rana, ita ce za ta tsara maka girman ƙunshin, kuma wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a yi lissafi a natse. Ƙaramin cokali ɗaya na gahawa mai narkewa kusan giram 2 ne, kuma shi ne awon kofi ɗaya. Mai shan kofi ɗaya a rana zai cinye giram 60 a wata, kwalbar giram 100 kuwa tana ba da kusan kofi 50, wato za ta kai shi mako bakwai. Idan ka riƙa aika masa giram 100 duk wata, a ƙarshen wata na biyu yana da ragowar giram 80, a ƙarshen na uku yana da cikakkiyar kwalba da bai buɗe ba, kuma a ranar da ya ga kwalabe sun jeru a kan kanta zai turo maka saƙo cewa a dakata tukuna, daga nan ba zai dawo ba. Mutumin bai ƙi gahawar ba, kai ne ka cika masa ɗaki da ita. Maganin wannan shi ne ka tanadi tsari uku kawai: giram 50 duk wata ko giram 100 duk mako shida ga mai kofi ɗaya, giram 100 duk wata ga mai sha safe da dare, da giram 200 ga ofis ko gidan da mutane da dama suke sha. Gara kayan su ƙare masa saura kwana biyu ya kira ka da kansa, da a ce sun yi masa yawa.

Wajen yanke farashi ka tara duk abin da ka kashe har kayan su shiga hannun mai saye. A ɗauka, don misali kawai, kwalba ta zo maka a naira 6,000, rabonta na kuɗin mota daga Kano 300, kwali da leda 400, ɗan kabu-kabun da zai kai 700, abin da kamfanin karɓar kuɗi zai cire 200, jimla 7,600. Idan ka sayar 9,500, ribarka 1,900 ce. Amma idan ɗanɗanon kyauta da talla da kiran waya da ka yi kafin wannan mutum ya shiga sun ci 3,000, to a watan farko faɗuwa ka yi, a na biyu ka mayar da kuɗinka da ɗan saura, sai daga na uku kake cin riba sosai. Ka sauya waɗannan alƙaluma da na ranar da kake karanta wannan, lissafin dai ba zai sauya ba. Kada kuma ka yi alkawarin farashi ɗaya fiye da wata uku, domin gahawar nan daga waje take zuwa. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 kayan waje ba su zauna wuri ɗaya ba, sannan a ƙarshen 2024 da farkon 2025 farashin gahawa a kasuwar duniya ya yi tashin da ba a taɓa gani ba saboda fari da ya taɓa Barazil da Biyetnam, waɗanda su ne kan gaba wajen nomanta.

Yanzu sai hanyar karɓar kuɗi. A ƙasashen da wannan tsari ya samo asali, mutum yakan saka lambar katinsa sau ɗaya, kamfani ya riƙa cirewa da kansa duk wata. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet Paystack da Flutterwave suna da irin wannan tsari a Najeriya, kuma yana da kyau ka buɗe shi ga wanda yake so. Sai dai a sanina da mutanenmu, mafi yawa ba sa yarda wani ya riƙa shiga asusunsu ba su sani ba, kuma ko wanda ya yarda, idan ranar cirewa ta zo albashi bai shiga ba, cirewar za ta gaza, rajistar ta tsaya shiru. Don haka ka mai da tura kuɗi ta banki ya zama babbar hanya, ka ɗora ranar biya a kan lokacin da albashi yake shiga, wato daga 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa, ka tura tunatarwa saura kwana uku. Saƙon ya zama gajere kuma da ladabi, kamar a ce: "Assalamu alaikum, Likita, barka da aiki. Gahawarka ta wannan wata za ta iso ranar Asabar in Allah ya so. Idan akwai saura a hannu, ka sanar da mu mu ɗaga ranar." Jimlar ƙarshen nan tana rage maka cinikin mako biyu, amma tana hana mutum ficewa gaba ɗaya. Kada ka saki kaya da hoton rasit ko saƙon alat kawai, ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Ga wanda ya biya wata uku gaba ɗaya ka yi masa ɗan rangwame, kuma ka ware kuɗin wata biyun da suka rage, domin ba naka ba ne sai ka kai kayan.

Wasu masu saye za su tambaye ka halaccin biyan kuɗin abin da ba a riga an karɓa ba, kuma tambaya ce mai kyau. Malaman fiƙihu sun san wannan da cinikin salam, kuma sun halatta shi da sharaɗin a biya kuɗin tun farko, a bayyana irin kayan da siffarsu da awonsu, a kuma yanke lokacin da za a kai. Ka rubuta waɗannan abubuwa a saƙon da za ka tura wa duk wanda ya shiga: sunan gahawar, nauyinta, ranar kaiwa, yadda ake dakatarwa, da yadda za a mayar masa da kuɗinsa idan ka kasa kaiwa. Wannan rubutu zai raba ku gardama ranar da aka sami saɓani.

Ajiya da kaiwa su ne inda yanayin Kebbi yake gwada mai sana'a. Gahawa mai narkewa tana zuƙar danshi da sauri. A watan Agusta, musamman a garuruwan bakin ruwa irin su Yauri da Argungu, kwalbar da murfinta bai zauna daidai ba za ka buɗe ta bayan mako ɗaya ka tarar ƙwayoyin sun manne sun yi baƙi, cokali yana kankarar su daga gindin kwalba, ƙamshin kuma ya koma na abin da ya ƙone. A Afrilu da Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, kuma katan ɗin da ya yini a shago mai rufin kwano ko a bayan mota yana rasa ƙamshinsa tun kafin a buɗe. Ka ajiye kayan a ɗaki mai sili, a kan katako nesa da bango, nesa da turare da sabulu da fetur. Kada ka tara fiye da abin da za ka rabar a wata biyu. A cikin kowane ƙunshi ka saka 'yar takarda mai bayani uku: a yi amfani da busasshen cokali, a rufe kwalba nan take, a bar tafasasshen ruwa ya huce na minti ɗaya kafin a zuba, domin ruwan da yake ɓararraka yana fito da ɗaci.

A cikin Birnin Kebbi ka ware rana ɗaya ko biyu a mako don kaiwa, ka haɗa na Gesse wuri ɗaya, na Badariya wuri ɗaya, ka riƙe ɗan kabu-kabu guda amintacce da za ka riƙa biya bisa zagaye maimakon bisa kowane gida. Idan mai sayen matar aure ce, ka tambaye ta tun farko wa za a miƙa wa kayan a ƙofar gida da kuma lokacin da ya dace, kada ɗan aike ya tsaya yana ta kiran waya a lokacin da bai kamata ba. Na wajen gari kuwa ta tasha za su bi. Ka naɗe kwalbar da takarda, ka saka ta a kwali, ka liƙe da salatif, ka rubuta suna da lambar waya da babban baƙi, ka biya kuɗin saƙo, sannan ka ɗauki hoton kwalin da lambar motar ka tura wa mai kayan tare da lambar direba. Ka ba motar safe, domin ta yamma takan isa Zuru ko Yauri bayan duhu, saƙon ya kwana a tasha. Idan garin yana da masu saye biyar ko fiye, ka nemi mai kantin magani ko mai shagon POS guda da za a riƙa sauke kayan a wurinsa, ka ba shi wani abu a kan kowane ƙunshi.

Talla ba ta buƙatar babban shafin intanet a farko. WhatsApp Business ya isa, da hoton tsare-tsaren uku da farashinsu a jerin kayan da manhajar take ba da dama a saka, sai shafin Facebook ko Instagram da za ka riƙa ɗora gajeren bidiyo na yadda ƙwayoyin suke narkewa a kofin gilashi, da yadda ake haɗa ta da madara da ƙanƙara a lokacin bazara. Idan za ka biya kuɗin talla a Facebook, ka taƙaita ta ga garuruwan da kake iya kaiwa, kada kuɗinka su tafi wajen nuna wa mutumin Fatakwal abin da ba zai same shi ba. Abin da ya fi duk wannan aiki shi ne bakin mai saye: wanda ya kawo abokin aikinsa ya biya, ka rage masa wani abu a watan gaba. Kada ka tara masu saye a zaure ɗaya na WhatsApp inda kowa yake ganin lambar kowa, ka riƙa tura saƙo ga kowa shi kaɗai, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora maka alhakin lambobi da adireshin da ka karɓa. Haka kuma kada ka ce gahawarka tana rage ƙiba ko ƙara ƙarfin maza ko warkar da wata cuta. Abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne hukumomin lafiya na Amurka da Turai sun sanya miligiram 400 na kafin a rana a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya, wato kusan kofi biyar na irin wannan gahawa, mai juna biyu kuma ana ba ta shawarar kada ta wuce 200.

Mataki na ƙarshe shi ne riƙe littafi, kuma a kan takarda da kuma a waya. Lokacin da aka rufe layukan sadarwa a maƙwabciyarmu Zamfara a watan Satumban 2021, duk mai sana'ar da lissafinsa yake cikin intanet kaɗai ya rasa sanin wanda ya biya da wanda yake bin sa kaya. A gaban sunan kowane mutum ka rubuta ranar shigarsa, tsarin da ya zaɓa, ranar biya, ranar kaiwa, da dalilinsa idan ya fita. A ƙarshen kowane wata ka ƙirga mutum nawa suka sabunta daga cikin waɗanda suka biya a watan jiya. Idan uku ko fiye cikin kowane goma suna ficewa, ka tsayar da talla, ka kira waɗanda suka fita ɗaya bayan ɗaya ka ji ko tsada ce, ko jinkirin kaiwa, ko yawan kaya, domin sabbin da za ka kawo da kuɗin talla su ma ta wannan ƙofa za su fice. Ka kuma lura da kalandar mutanenka. Da hunturu shan abu mai zafi yana ƙaruwa, lokacin jarrabawa ma haka, amma idan jami'a ta tafi hutu ko yajin aiki, kamar na malaman jami'o'i da ya ɗauki wata takwas a 2022, masu sayenka na can za su watse, don haka kada su wuce kashi ɗaya cikin uku na littafinka. Saura mako biyu azumi ya kama ka tambayi kowa abin da yake so, domin wasu suna barin gahawa gaba ɗaya a Ramadan, wasu kuma suna ƙara ta saboda tsayuwar dare a goman ƙarshe. Wanda ya ce a dakatar masa, ka rubuta ranar da za ka sake tuntuɓarsa, mako guda bayan Sallah, ka ajiye masa tsohon farashinsa na wannan watan.